Wanda Ya Nemi A Goge Shi

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Lahadi wayar ta shigo. Sufeto Gunilla Sjödin ta kai kofin kofi bakinta ke nan, ko kurɓa ba ta yi ba, aka shaida mata an tsinci gawar mace a ɗakin wanki na wani gidan bene a Uppsala, can bayan tashar jirgin ƙasa.

Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, amma har yau ba ta saba da jin an ce mata "mace ce" ba.

Abokin aikinta Rickard Nyqvist ya riga ta isa. Yana tsaye a ƙofar ɗakin wankin da ke ƙarƙashin ginin, tumbinsa ya kusa toshe hanya.

"Tove Hedlund, shekara talatin da huɗu, ma'aikaciyar laburare," ya ce. "Gida mai lamba sha huɗu. Ta faɗo daga matakalan nan uku, ƙeyarta ta bugu da siminti. Likita ya ce wajen takwas da rabi. Babu wayarta."

Gunilla ta durƙusa. Fuskar matar a sake take kamar mai barci. A yatsanta akwai zoben baiko, sabo fil, ko ƙarzanewa bai yi ba.

Ta miƙe ta dubi allon rabon lokacin wanki. Kowane gida da ɗan kwaɗonsa mai lamba, da ake maƙalawa a gurbin lokacin da aka zaɓa. Kwaɗo mai lamba sha huɗu yana maƙale a gurbin Lahadi, bakwai zuwa goma. A gefe, kan allon sanarwa, wani guntun salatif ya riƙe kusurwar farar takarda. An fizge sauran.

Da ta juya sai idonta ya sauka kan teburin guga, ta tsaya cak.

Kayan Tove ne a jere. Riguna, zanen gado, labule rawaya, har da safa. Kowanne an ninke shi gida uku, an cusa bakinsa ciki kamar ambulan.

"Rickard, yaushe injin busarwa ya gama?"

Ya leƙa fuskar injin. "Tara da minti ashirin."

"Ita kuma ta mutu takwas da rabi."

Rickard ya buɗe baki, ya kasa rufewa.

"Kina nufin," ya ce, "wani ya tsaya nan, gawa na kwance a ƙafarsa, yana ninke mata safa?"

"Kai ka taɓa taɓa wankin maƙwabcinka?"

"Ni? Haba Gunilla. Gara in shiga falonsa da takalmi."

Wanda ya ga gawar shi ne Sixten Wallmark, shugaban ƙungiyar mazauna gidan, ɗan shekara sittin da uku, tsohon magatakarda da ya yi ritaya. Gidansa lamba tara, daidai ƙarƙashin na Tove. Gunilla ta cire takalmanta a ƙofa ta shiga. Bango guda na falon fayiloli ne, kowanne da shekararsa a rubuce a ƙeya.

Idanunsa sun yi jajir. Duk da haka sai da ya ɗora kofi, ya ajiye burodin kirfa a faranti.

"Lokacina ne, goma zuwa ɗaya," ya ce. "Na sauka da kwandona, sai na gan ta. Yarinyar kirki. Shekara shida a gidan nan, ko sau ɗaya ban rubuta mata takardar gargaɗi ba."

"Ka taɓa kayanta?"

"Wane ni! Ba a taɓa kayan mutane."

"Tana da abokin gaba?"

Ya sunkuyar da kai, kamar abin na yi masa nauyi.

"Ba na son gulma. Amma jiya da yamma saurayinta ya yi ta ɗaga murya, har fitilata na rawa. Direban bas ne, Joakim. Na ji yana cewa, 'Har yanzu kina kan dandalin nan?' Daga nan ya buga ƙofa."

"Wane dandali?"

"Irin na neman masoya ta waya, ina ji. Ni ina na sani?" Ya zaro wata tsohuwar waya mai maɓallai ya nuna mata. "Kin ga tawa. Kira kawai take yi."

Hannun Gunilla ya bugi kofin, kofi ya ɗan zube. Kafin ta ba da haƙuri Sixten ya ja durowa, ya ɗauko tsumma ya warware, ya goge teburin tas. Sha ɗaya da rabi ta yi masa sallama.

Da la'asar aka kawo Joakim Berglind caji ofis. Ƙato ne, mai manyan hannuwa, amma a kujerar sai ya koma kamar an sace masa iska.

"Kun yi faɗa jiya?" Gunilla ta tambaya.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Na ce a'a."

"Maƙwabcin ƙasa ya ji ka. Ina kake yau tsakanin takwas da tara?"

"Bakin kogi. Ina tafiya."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

"Kana da makullin gidan?"

Ya gyaɗa kai. Rickard ya ajiye biro ya naɗe hannuwa.

"Malam, ka yi faɗa da ita, ka yi mana ƙarya, kana da makulli, babu wanda ya gan ka. In kai ne mu, me za ka ce?"

Sai Joakim ya fashe da kuka. Kuka irin na wanda bai saba ba, mai fita da ƙyar kamar yana yaga maƙogwaro.

"A dandalin muka haɗu," ya ce. "Da muka yi baiko na rufe nawa, ita ma ta ce za ta rufe. Jiya na ga saƙon kamfanin a kwamfutarta. Raina ya ɓaci. Ta ɗauko wasu tulin takardu tana cewa, 'Joakim, zauna in nuna maka wani abu, tsoro nake ji.' Ban zauna ba. Na ce mata ta je ta nuna wa samarinta. Maganar da na yi mata ta ƙarshe ke nan a duniya. Yaya zan faɗi wannan da bakina?"

Mai gabatar da ƙara ta ba da umarnin a tsare shi. Zuwa sha biyun ranar Laraba, ko a sake shi, ko a miƙa shi gaban alƙali da zargin kisa. Gunilla ta san yadda alƙali zai kalli ƙaton saurayi mai kishi da ya yi ƙarya.

Da za a wuce da shi, aka ce ya tuɓe rigar sanyinsa.

"Ninke ta," in ji Gunilla.

Ya dube ta da mamaki. Ya dunƙule rigar kamar ƙwallo, ya cusa hannu ɗaya ciki, ɗayan na reto, ya miƙa mata.

Bayan an fita da shi ta ce, "Ba shi ba ne."

"Ki je ki gaya wa alƙali mutumin bai iya ninki ba," in ji Rickard. "Ni ma sai a wanke ni daga duk laifin duniya."

Safiyar Litinin suka buɗe gida mai lamba sha huɗu. Ƙamshin sabulunta na nan. A jikin firij an manna jerin sunayen waɗanda za a gayyata biki, an ja layi a kan wasu, an sake rubuta su. Gunilla ta kau da kai.

A ƙarƙashin katifar kujera suka sami takardun. Shafi ɗari huɗu da sha biyu.

"Ta nemi kwafin bayananta kafin ta rufe shafin," in ji Gunilla. "Duk abin da kamfanin ya tara a kanta. Sannan ta buga shi a takarda, kamar ma'aikaciyar laburare ta gaske."

Komai na ciki. Hotunan da ta ɗora, waɗanda ta goge, mazan da ta so, waɗanda ta ƙi, lokacin da ta shiga da lokacin da ta fita. Amma fiye da rabin tulin hira ce da mutum ɗaya, wani mai suna Elias. Ya ce a Kiruna yake, can arewa mai nisa, yana aikin haƙar ma'adinai. Shekara biyu suna rubuta wa juna, ba su taɓa haɗuwa ba. Duk lokacin da ta ce za ta zo, sai aiki ya taso masa. Ta faɗa masa rasuwar mahaifiyarta, ta faɗa masa tsoronta na tsufa ita kaɗai. Shi kuma ya iya magana. Gunilla ta karanta wasu layukan, ta ji kunya ta kama ta, kamar ta leƙa ta tagar mutane.

Daga shafi na casa'in aka fara shafa wa wasu layuka rawayar alama.

"Yau ranar wankinki ce, kada ki manta da labulen nan rawaya."

A gefe, da rubutun Tove: Ban taɓa gaya masa ba.

"Na ji daɗi tarinki ya yi sauƙi."

A gefe: Ta yaya ya ji?

"Ki daina barin keke a waje, ruwa zai lalata miki shi."

A gefe babu kalma, sai alamar tambaya uku, na ƙarshen har ya huda takardar.

Gunilla ta ajiye takardar. Saƙo ɗaya yau, wani bayan wata biyu, wa zai lura? Sai da Tove ta tara su wuri ɗaya ta karanta a zama guda ta ga abin da ke gabanta shekara biyu.

"Gunilla, zo ki gani."

Rickard na gaban kwamfutar. Takarda ta ƙarshe da aka buga, ranar Asabar da yamma, layi biyu ce da manyan haruffa:

"Elias, na san a gidan nan kake. Ranar Litinin zan kai takardun nan wurin 'yan sanda."

"Ita ce ta manna a allon ɗakin wanki," in ji Gunilla a hankali. "Wayyo Tove. Kamar mai ƙorafin an bar datti a inji."

"Gidaje ashirin da huɗu, maza goma sha ɗaya," in ji Rickard. "Kuma kowa na ganin allon. Ga shi jibi Laraba."

Ranar Talata Gunilla ta shiga jirgin ƙasa na safe zuwa Stockholm, da takardar umarnin mai gabatar da ƙara a jaka. A ofishin kamfanin dandalin aka haɗa ta da jami'ar kare bayanai, Pernilla Åkerlund, wata siririyar mata mai gilashi. Ta karanta takardar har sau biyu, ta danna kwamfuta, sai fuskarta ta canza.

"Kin makara da kwana ɗaya."

"Kamar yaya?"

"An goge Elias jiya, tara na safe. Hotuna, imel ɗin da ya yi rajista da shi, na'urar da yake shiga da ita, wuraren da yake shiga. Babu ko ɗaya."

"Ba za a iya dawo da su ba?"

"In da rufe shafin kawai ya yi, kamar yadda Tove ta yi, da muna riƙe da komai kwana talatin. Shi gogewa ya nema, ta har abada. Haƙƙinsa ne."

Fuskar Joakim ta faɗo wa Gunilla a rai, da rigar da ya dunƙule. Ta ɗauki jakarta, har ta kai ƙofa, sai ta waiwayo.

"Ni da na nemi a goge ni daga wani kantin takalmi, sai da na yi wata guda ina jira. Ku me ya sa kuka yi sauri haka?"

Pernilla ta yi 'yar dariya mara daɗi.

"Da kin ga wasiƙarsa! Shafi huɗu. Sashe kaza na doka, sakin layi kaza, ƙaramin sakin layi kaza. Ya ba mu awa ashirin da huɗu, in ba haka ba zai kai mu hukuma. Har kuskuren waƙafi ya gyara mana a cikin ƙa'idojinmu."

"Wasiƙar ma kun goge ta?"

"Ita? A'a. Ita muke ajiyewa. In gobe ya ce ba mu bi umarninsa ba, da me za mu kare kanmu?"

Gunilla ta dawo ta zauna a hankali.

"Da wane suna ya sa hannu?"

"Ai abin da ya ba mu mamaki ke nan. Mun ce masa ya danna saƙon tabbatarwa a imel, ya wadatar. Ya ƙi. Ya ce buƙatar da babu sahihin sa hannu a kanta ba buƙata ba ce, kuma ba zai bar mana ƙofar da za mu ce ba ta inganta ba. Sai ya sa hannu da shaidarsa ta ɗan ƙasa, har da lambarsa."

Ta juyo da fuskar kwamfutar.

Gunilla ta karanta sunan. Ta karanta lokacin da aka aiko: Lahadi, sha biyu saura minti takwas. Minti ashirin da biyu bayan ta ajiye kofinsa ta sa takalmanta. Ɗanɗanon kirfa ya dawo mata baki, har sai da ta dafe tebur.

"Akwai wani abu kuma," in ji Pernilla, muryarta ta yi ƙasa. "Duk mai rufe shafi muna tambayarsa dalili. Yawanci ba sa cikewa. Ita ta cike." Ta buga takarda ɗaya ta miƙa mata.

Daga cikin jirgi Gunilla ta kira mai gabatar da ƙara.

Ƙarfe uku na rana Sixten Wallmark ya buɗe musu ƙofa, ya dubi ƙafafunsu. Wannan karon Gunilla ba ta cire takalmi ba.

Ta wuce kicin kai tsaye ta ja durowar. Tsummoki a jere, kowanne ninki uku, baki a cushe kamar ambulan.

"Zauna, Elias," ta ce.

Bai yi gardama ba. Ya zauna. Ta ajiye wasiƙar mai shafi huɗu a gabansa. Ya sa gilashi ya duba ta.

"Wannan bai kamata ta kasance a hannunsu ba. Na ce a goge komai."

"Komai na Elias. An goge. Wannan ta Sixten ce."

Rickard ya fito daga ɗakin fayiloli riƙe da wayoyi biyu, wata sabuwa mai faɗi, da wata mai jan murfi, ta Tove.

"A cikin fayil ɗin bana," ya ce. "Ƙarƙashin harafin T. Kai, malam, har da tsari!"

Sixten ya cire gilashin ya ninke.

"Shekara shida muna haɗuwa a matakala," ya ce. "'Sannu Sixten.' Shi ke nan. Ko launin idona ba ta sani ba. Amma Elias, shi tana gaya masa komai. Nakan zauna nan, ina jin takunta a sama, ina jin ta zauna, sai saƙo ya shigo. Kin san yadda hakan yake? Ban taɓa cutar da ita ba. Ni na raka ta makokin mahaifiyarta, ba direban nan ba."

"Ranar Lahadi fa?"

"Na ga takardar a allo da sassafe. Na sauka in yi mata bayani. Na ce, 'Tove, ni ne.' Na ɗauka za ta gane ni. Sai ta kalle ni kamar ta ga ɓera a tukunya. Ta ciro waya. Na kama wayar, ta ja, na ja. Na ture ta. Matakala uku ne kawai."

"Ba ka kira motar asibiti ba."

"Ta riga ta tafi."

"Ka tabbata? Ko ba ka duba ba?"

Ya juya gilashin a hannunsa.

"Sa'a ɗaya da rabi, Sixten. Tana kwance, kai kana ninke kaya. Me ya sa?"

Ya ɗago da mamaki na gaske, kamar ta tambaye shi me ya sa ake rufe famfo.

"Lokacinta ya kusa ƙarewa. Ba a barin kaya a inji." Sai muryarsa ta karye. "Kuma rigunanta ne. Da sun yamutse."

Rickard ya juya baya yana kallon taga. Gunilla ta ciro ankwa.

"Sixten Wallmark, an kama ka da zargin kashe Tove Hedlund. Tashi."

A matakala ya tsaya.

"Kwaɗona yana gurbin Alhamis. A cire shi, kada a hana wani lokaci."

Rickard ya ja shi suka ci gaba da sauka.

A bakin ƙofar gidan Joakim na tsaye. Awa ɗaya ke nan da sakinsa, kuma bai san inda za shi ba sai nan. Rigar sanyin na hannunsa a dunƙule. Ya ga ankwa, ya ga mutumin da ya sha riƙe masa ƙofa, ya yunƙura. Gunilla ta sha gabansa, ta dafa ƙirjinsa da takardar da Pernilla ta ba ta.

"Bar shi. Wannan taka ce. Ranar Asabar ta rufe shafin, minti goma bayan fitarka."

Ya buɗe. A ƙarƙashin tambayar "Me ya sa za ki bar mu?" Tove ta rubuta:

"Na same shi. Yana da saurin fushi, ko tsumma bai iya ninkewa ba, amma shi ne. Gobe zai dawo."

Joakim ya sulale ya zauna a kan dakalin ƙofar, ya kifa takardar a fuskarsa.

Rickard ya dafa kan Sixten ya shigar da shi mota. Gunilla ta rufe ƙofar.